Wa Ya Ce Koko Abincin Talaka Ne?

Akwai wata rigima da ake yi a gidajenmu kusan kullum safiya, tsakanin ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai, lokacin da ake neman safa ƙafa ɗaya kuma mai adaidaita yana ta danna ham a ƙofar gida. Hajiya kaka tana zaune a kan darduma ba ta tashi daga lazimi ba, ta ce a aiki yaro ya karɓo koko da ƙosai a maƙwabta. Uwar yara tana tsiyaya ruwan zafi daga fulas, ta ce, “Hajiya, ki bar su su sha shayi da burodi, kokon nan ba ya riƙe musu ciki, kuma barci yake saka su a aji.” Hajiya ta ce, “Ikon Allah! Shi ubansu da me aka raine shi?” Ana cikin haka sai 'yar shekara goma sha ɗaya ta raba gardamar da magana ɗaya: “Umma, don Allah kar ki saka min ƙosai a kula, 'yan ajinmu dariya suke min.”

Mun ji wannan maganar a gidajenmu, mun ji ta a gidajen 'yan uwanmu. Kuma a ganinmu yarinyar ce kaɗai ta faɗi gaskiyar abin da ake rigima a kai. Mu manya muna ɗaga murya da sunan lafiya, amma abin da yake cin mu a rai kunya ce. Mun raba karin kumallo gida biyu, na wayayyu da na 'yan ƙauye, muka ɗora shayi da burodi da indomi da konfleks a sama, muka tura koko da ƙosai da ɗumame ƙasa. Yaranmu sun ga yadda muka yi rabon, sun haddace shi, yanzu suna biya mana karatun da muka koya musu.

To bari mu ajiye kunya gefe mu duba maganar lafiyar da gaske, tunda da ita muke fakewa.

Yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 ba jariri ba ne, kuma bai zama babba ba. Jikinsa yana shirin miƙewar da ba zai sake yin irinta ba a rayuwarsa, 'yan mata ma sukan riga maza farawa. A ma'aunin da masana abinci na Amurka suke amfani da shi, yaro ɗan shekara 9 zuwa 13 yana buƙatar giram 34 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowace rana, da miligiram 1,300 na kalsiyam don ƙashi, da miligiram 8 na sinadarin ƙarfe don jini. Da yarinya ta kai shekara 14, buƙatarta ta sinadarin ƙarfe tana tashi zuwa miligiram 15, saboda jinin da take zubarwa duk wata. Wannan yaron kuma shi ne zai bar gida da bakwai, ya yi asambili a tsaye, ya zauna lissafi da Turanci, ya yi guje-guje lokacin tara, ya dawo da azahar, ya ɗauki jaka ya wuce Islamiyya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambayar da ta kamata mu yi wa kowane karin kumallo guda biyu ce kawai: zai riƙe yaron har lokacin tara ba tare da idonsa ya raina fata ba? Kuma akwai abin gina jiki a ciki?

Mu fara da shayin da muke alfahari da shi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mene ne a cikin kofin? Ruwan zafi, ganyen shayi, sukari cokali uku, sai madarar gari ɗan abin da zai sauya launi. Ita madarar ma, da yawa daga irin ta ƙullin leda mai araha an cire mata manta na asali an maye shi da man tsirrai, yana rubuce a jikin ledar ga mai son karantawa. Burodin kuwa farar fulawa ce da aka cire wa dusa, kuma mu nan mun fi son mai zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a rana, in da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5. Wannan kashi 5 ɗin, ga babba, kusan giram 25 ne, wato ƙaramin cokali shida. Mu kuwa kafin yaro ya ɗaura takalmi mun riga mun zuba masa rabin wannan a kofi ɗaya, ban da na burodi, ban da garin cakulan da ake ƙarawa wanda shi ma da sukarinsa ya zo, ban da lemon kwali da biskit da za su biyo baya a makaranta. Irin wannan abincin yana narkewa da sauri. Yaro ya fita da ƙarfinsa, kafin goma na safe cikinsa ya fara kiran ciroma, malama kuma ta rubuta a katin sakamako cewa ba ya mai da hankali.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya mana ba. Ganyen shayi yana ɗauke da wani sinadari mai ɗaci-ɗaci da yake kama sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotsarsa yadda ya kamata idan an sha shi tare da abinci. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A ƙasar da fiye da rabin matanta suke cikin wannan hali, mun mai da baƙin shayi mai kauri abin da 'yar da ke gab da balaga za ta fara kurɓa kullum. Gobe in ta fara jiri a layin asambili, mu ce shafar aljanu ce ko rashin son makaranta.

Indomi kuwa ba ma musun daɗinta, ba ma musun saurinta. Asalinta daga Indunusiya take, aka fara yin ta a Najeriya a shekarun 1990, cikin ƙanƙanin lokaci ta shiga kowane gida. Amma ita ma farar fulawa ce da aka soya a mai aka busar, sai ƙullin kayan ɗanɗano wanda gishiri ne kan gaba a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, yaro kuma ƙasa da haka. In an fasa ƙwai an yanka ganye da karas, an rage kayan ɗanɗanon, ta zama abinci. In an dafa ta tsurarta kullum safiya, harshen yaro muke horarwa ya saba da gishiri, a ƙasar da hawan jini ya riga ya cika asibitoci da iyaye.

Konfleks shi ne sarkin burga. Kwali mai launi, hoto mai kyau, a zuba a faranti a ɗauki hoto a sa a Facebook. Mene ne shi? Masara ce. Masarar da muke nomawa a Saminaka da Funtuwa, irinta ce aka murƙushe aka gasa aka sa mata sukari da gishiri, aka ƙara mata wasu bitamin. 'Yan uwa biyu masu suna Kellogg suka ƙirƙiro shi a shekarun 1890 a garin Battle Creek na jihar Michigan ta Amurka, don majinyatan wani gidan jinya. Ƙanin ne ya kafa kamfani a 1906, ya ƙara sukari don ya shiga kasuwa, talla ta yi sauran aikin. Ba wata al'umma da ta zauna ta auna ta ga cewa wannan shi ne abin da ya fi dacewa da yaro da safe. 'Yan kasuwa ne suka faɗa, suka yi ta maimaitawa har aka yarda. Mu kuma mu sayar da buhun masara da araha, mu sayi kwalin da bai kai mudu ba da tsada, mu ce mun waye.

Yanzu mu juya ga abin da muke kunya. Koko gero ne da aka jiƙa, aka niƙa da citta da kanumfari da masoro, aka tace aka bar shi ya kwana ya yi tsami. Wannan tsamin da wasu suke yatsina fuska a kansa aiki yake yi: yana rage sinadarin da ke cikin hatsi mai riƙe ƙarfe ya hana jiki amfana da shi. Ƙosai kuma wake ne, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshensa furotin ne. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake yake da shi a wadace, wake kuma yana da ƙarancin wani ɓangaren da hatsi yake cikewa. In aka haɗa su, kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Kakanninmu ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma sun haɗa koko da ƙosai, sun haɗa shinkafa da wake, sun haɗa fura da nono, sun dama kunu da gyaɗa. Abin da masana suke zana wa ɗalibai a allo yau, shi tsohuwar unguwarmu take kasawa a bakin zaure tun kafin a haife mu.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar tana biye da ita. Ƙasashen biyu suna cikin manyan masu noman gero. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum ta zama shekarar gero da danginsa, don a jawo hankalin duniya ga hatsin da yake jure fari kuma yake da amfani a jiki. Alkamar da ake burodi da taliya kuwa, mafi yawanta shigo da ita muke yi da dala, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi burodi yake ƙara kuɗi yana rage girma. A Accra da Kumasi, ma'aikatan ofis da ɗalibai layi suke bi da safe a wurin mai koko, kuma sunan da suke kiransa da shi “Hausa koko”, da ƙosansa a gefe. A can sunanmu ne tambarin ingancinsa. A nan gida, mu masu abin, mu ne muke ɓoye kofin in baƙo ya yi sallama.

Amma kada Hajiya ta yi saurin cewa ta ci gari. In za mu yi adalci, ita ma akwai gyara a nata ɓangaren. Koko shi kaɗai ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, kuma tacewar da ake yi tana tafiya da dusar geron. Yaron da aka ba kofin tsinkakken koko da sukari cokali huɗu ba tare da ƙosai ba, bai fi mai shayi da komai ba, kuma uwar da ta ce ba ya riƙe ciki ba ƙarya ta yi ba. Ƙosan da aka soya a man da ya kwana uku a kasko har ya yi baƙi ba abin yabo ba ne, haka naɗe shi a tsohuwar jarida. Gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, dole a tsince ta kafin a yi kunu. Ɗumamen da ba a tafasa miyarsa sosai ba, musamman da bazara, zai iya kwantar da yaro. Haka kuma ba mu ce burodi guba ba ne. Doka ta wajabta a ƙara wa fulawa bitamin da sinadarin ƙarfe a Najeriya, kuma burodi da ƙwai, ko burodi da ƙosai, ko burodi da wake, karin kumallo ne mai kyau. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6 na furotin. Abin da muke faɗa da shi shi ne ruwan sukari da farar fulawa tsura, ko daga fulas ya fito ko daga ƙwarya.

Mun san abin da mata da yawa za su ce, kuma suna da gaskiya: “Ku da kuke rubutu, wa zai tashi da asuba ya wanke wake ya kai markaɗe?” Uwar da za ta shirya yara huɗu, ita ma ta kama hanyar asibiti ko makaranta ko kasuwa kafin takwas, ba wuta, gas ya yi tsada, ba lalaci ne ya kai ta ga shayi ba. Duk wanda zai mai da wannan magana sandar dukan mata, ba da mu ba. Amma mu tambayi maigida: kai da kake dawowa daga masallaci da asuba ka wuce ta gaban kaskon mai ƙosai, ka shige ɗaki ka koma barci ko ka kama waya, me ya hana ka tsaya da kwano? Kai da kake cewa “ni dai na ba da kuɗin cefane”, ka taɓa tambayar me ɗanka ya ci kafin ya fita? Kuɗin da kake ba mai kanti na burodi da madara, in ka ba mai koko, yawanci hannun wata bazawara ko uwar marayu ya shiga, a layinku, kuma geron da waken daga gonar ɗan uwanka suka fito.

Hanyoyin sauƙi ma ba su ɓuya ba. Ana yin gasara ta mako guda a shanya ta, dama ta ba ya ɗaukar lokacin da dafa indomi yake ɗauka. Ana soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa su tare a ajiye garin kunu na wata guda. Ana dafa ƙwai tun da dare. Wake da shinkafar jiya, in an ɗumama su sosai, sun fi burodi da bota. Awara, wadda yaran nan suke rububinta a ƙofar makaranta, waken suya ce zalla. Kindirmo yana ba da kalsiyam ɗin da kofin shayi mai ɗigon madara ba zai bayar ba. Lemon zaƙi ko gwaiba guda ɗaya a jaka tana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin waken. In kuma gidan ba a iya rabuwa da shayi, a rage ganye, a ƙara madara ta gaske, a rage sukari a hankali har harshe ya saba.

Akwai kuma yaron da duk wannan gardamar ba ta shafe shi ba, domin ba koko ba shayi, haka yake fita. Wani babu ce ta sa. Wani kuma akwai, amma an makara, sai a miƙa masa kuɗin tara a ce ya sayi wani abu a can. Ɗan shekara goma da kuɗi a hannu alewa zai saya da askirim ɗin leda, mu ma da muna shekarunsa abin da za mu yi ke nan. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 an tsara shi ne don 'yan aji 1 zuwa 3 na firamare. Ke nan ɗan aji huɗu zuwa shida da ɗan ƙaramar sakandare, waɗanda jikinsu yake shirin miƙewa, suna wajen lissafi tun daga kan takarda. In gida bai ciyar da su ba, babu mai ciyar da su. Wannan shi ne abin da ya kamata ya hana mu barci, mu kuwa muna can muna muhawarar wane abinci ne ya fi kyau a hoto.

Makarantu ma da nasu kason laifin, musamman masu zaman kansu. Malamin da ya ga ana yi wa yarinya dariya don ta buɗe kula an ga alala ko ɗanwake, ya kawar da kai, ya koyar da darasin da ya fi na littafi zama a zuciya. A aji ana karanta rabe-raben abinci, ana zana wake da gyaɗa a ƙarƙashin masu gina jiki, a ci jarrabawa da su. A fita tara kuma a yi wa wanda ya zo da su ba'a. Shagon cikin makaranta ba ya sayar da komai sai biskit da lemon roba. Iyayen da suke biyan kuɗin makaranta suna da bakin magana a taron iyaye da malamai, mu yi amfani da shi.

Ita kuma 'yarmu da ta ce kar a saka mata ƙosai, faɗa ba zai gyara ta ba, wa'azin furotin ma ba zai shiga kunnenta ba. Abin da take kallo shi ne mu. In ta ga Abba yana shan kunun gyaɗa da safe da jin daɗi, in ta ga Umma ta fito wa baƙuwa da waina da miya a faranti mai kyau ba tare da ban-haƙuri ba, in ta ji mun daina cewa “yau dai sai haƙuri, koko za a sha” kamar wanda aka yi wa rasuwa, za ta ɗauki kularta ta buɗe a gaban kowa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanɗanon da yaro ya saba da shi a waɗannan shekarun shi zai bi shi har gidansa, ya koya wa nasa 'ya'yan.

Saboda haka gobe da safe, in gardamar ta sake tashi tsakanin Hajiya da uwar yara, kada mu tsaya neman wanda zai yi nasara. A duba abin da ke gaban yaron. Akwai wake, ko ƙwai, ko gyaɗa, ko nono a ciki? Sukarin cokali nawa ne? Zai kai shi tara? In amsar ta yi daɗi, a bar shi ya ci ko da me aka zo. In ba ta yi ba, maigida ya ɗauki kwano ya nufi gidan mai ƙosai, tun kafin layi ya yi tsawo. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.